Sabuwar dokar inshora ta zo, amma da wakili manomi zai yi hulɗa: yaya ake gane na ƙwarai?

A watan Agustan 2025 fadar shugaban ƙasa ta sanar da cewa Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar dokar gyaran harkar inshora, wadda ta maye gurbin dokar 2003. Abin da jaridu suka fi kambamawa shi ne jarin da aka ɗora wa kamfanoni: naira biliyan 10 ga masu inshorar rai, biliyan 15 ga masu inshorar dukiya, inda inshorar gona da ta dabbobi suke, sai biliyan 35 ga manyan kamfanonin da ke yi wa kamfanonin inshora inshora. An ba su shekara guda su cika. Manufar a fili take, kamfanin da ya karɓi kuɗin mutane ya zama yana da ƙarfin biya ranar da asara ta faɗo.

To, wannan abu ne mai kyau. Sai dai manomin shinkafa a Auyo ko Argungu ba zai taɓa zama da shugaban kamfani a Legas ba, ba kuma zai je ofishin hukumar NAICOM mai sa ido kan inshora a Abuja ba. Wanda zai gani shi ne wani bawan Allah a kan babur, da jakar takardu a rataye, ya zo taron ƙungiya ana gab da damina. Wasu su ce masa wakili, wasu ejan, wasu kuwa "mai inshora" kawai. Duk abin da doka ta tanada, ta hannun wannan mutumin zai iso gona, ko kuma ya maƙale a hanya. Shi ya sa yau muka ga ya dace mu duba shi da kyau: yadda yake yini, yadda yake samun abincinsa, da abin da ya ɗauki aikinsa.

Inshorar noma ba baƙuwa ba ce a Najeriya. Tun 1987 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin, daga baya dokar 1993 ta kafa hukumar NAIC a matsayin da take a yau, tare da tanadin tallafin da ke kai rabin kuɗin inshorar ga wasu amfanin gona da dabbobi, tarayya da jiha su haɗu su biya. Daga bisani an ba kamfanoni masu zaman kansu izini su ma su shiga. Amma bayan duk waɗannan shekaru, kuɗin inshorar da ake tarawa a ƙasar baki ɗaya, har da na mota da na man fetur, bai kai kashi 1 cikin 100 na tattalin arziƙin ƙasa ba. Na noma kuwa ɗan tsiri ne a cikin wannan.

Yawancin manoman Arewa da suka taɓa shiga inshora ba da ƙafarsu suka je ba. Bashi ne ya kai su. Lokacin da aka ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015, kuɗin inshora na cikin lissafin rancen, kamar taki da iri da maganin feshi. Manomi ya dangwala, an cire, ya tafi. Da yawa ba su riƙe takarda ba, ba su san sunan kamfanin ba, ba su san abin da ya kamata su yi in ruwa ya ci gona ba. Da ambaliyar 2022 ta zo, wadda ta kashe sama da mutum 600 a faɗin ƙasar, ta shafe gonaki a kwarin Haɗeja da bakin Neja da Binuwai, tambayar da aka riƙa yi a majalisun ƙauye ita ce: ina inshorar da aka cire mana? Babban Bankin Najeriya ya janye daga irin waɗannan rance tun ƙarshen 2023, amma salon bai mutu ba. Kamfanonin da ke ba da kayan noma bashi, da bankuna, da shirye-shiryen jihohi, duk suna ci gaba da liƙa inshora a jikin rance. Ke nan ko kana so ko ba ka so, akwai yiwuwar kana biyanta.

Daga ina abincinsa yake fitowa?

Nan ya kamata a fara, don kada a yaudari kai. Wakili ma'aikacin kamfani ne, ko ɗan kamashonsa. Dillalin inshora kuwa, a ƙa'ida, mai saye yake wakilta, yana zagaya kamfanoni ya nemo maka wanda ya fi. Amma dukansu la'adarsu daga kuɗin da ka biya take fita, kuma tana fita ne ranar da ka biya, ba ranar da aka biya ka ba. Ka ga matsalar? Tsarin aikin kansa yana tura mutum ya yi ta sayarwa a watan Mayu da Yuni, ya ɓace a Satumba lokacin da kogi ya cika. Ba sai mutum mugu ne ba. In an ɗora masa adadin da zai kawo a wata, kuma ba a ba shi kuɗin man da zai koma ƙauye bayan shuka ba, sai mai tsoron Allah ƙwarai ne zai koma.

Akwai masu komawa ɗin. Kuma in ka lura, su ne suka daɗe a sana'ar. Lissafinsu daban yake: manomi ɗaya da aka biya diyyarsa a gaban jama'a ya fi tallan rediyo na wata guda, ɗaya kuma da aka hana ba tare da bayani ba ya isa ya rufe ƙofar gunduma guda har shekara goma. Irin wannan wakilin yana kallon ƙungiyar manoma kamar yadda mai gonar mangwaro ke kallon dashe, ba a bana zai ci ba. Hausawa suka ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. La'adar da ya karɓa a farkon damina ladan ce, askin kuwa yana jiran sa a kaka.

Yininsa ba ya kama da na ma'aikacin ofis. Tun farkon shekara, da hukumar NiMet ta fitar da hasashen damina, da kuma hukumar NIHSA ta fitar da jerin ƙananan hukumomin da ambaliya ke yi wa barazana, zai zauna ya duba inda manomansa suka faɗa. Da safe wayarsa ce farkon aikinsa: wa ya kira da dare, wane ƙauye aka yi ruwa da iska, wace ƙungiya ce kuɗinta bai shiga ba tukuna. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne. Ƙa'idar inshora a Najeriya ita ce in kuɗi bai isa hannun kamfani ba, babu inshora, ko da ka cike fom ka dangwala. Saboda haka wakilin kirki ba ya kwana da kuɗin mutane a aljihunsa, ba ya cewa a tura asusunsa na kansa. Asusun kamfani zai nuna maka, ya bi sawu har rasit ya fito da sunanka ko na ƙungiyarka, ya kawo maka shi har gida.

Sannan yana taka gona da ƙafarsa. Zai zagaye iyakarta da wayar da ke auna faɗin ƙasa, domin kadada biyun da manomi ya gada a baki sau da yawa in an auna ba ta kai ba, ko ta wuce. Zai rubuta irin da aka shuka, da ranar shuka, ya ɗauki hoto. Zai tambayi ko ruwa ya saba kwanciya a nan. Wasu manoma kan ji haushin wannan, su ɗauka bin diddigi ne. Ai kuwa gata ne. Duk abin da aka rubuta ba daidai ba a farko, da shi za a kafa hujja a hana ka a ƙarshe. Wanda ya cike maka fom a gindin bishiya bai ga gona ba, ya ce "kar ka damu Alhaji, duk ɗaya ne," ba sauƙi ya yi maka ba.

Abin da ba ya cikin takarda

In ana son auna wakili da ma'auni guda, to ga shi: minti nawa yake ɓatawa yana faɗa maka abin da inshorar ba za ta biya ba? Abin da za ta biya kowa ya iya faɗa. Ambaliya, fari, gobara, iska mai ƙarfi, ƙwari da cututtuka, waɗannan su ne galibin abin da takardun amfanin gona ke ɗauka. Wahalar tana ɗaya ɓangaren, kuma nan ne mai neman la'ada ke saurin wucewa.

Na farko, faɗuwar farashi ba ta ciki. Wannan ya taɓa mutane da yawa kwanan nan. Bayan da gwamnati ta buɗe ƙofar shigo da masara da shinkafa da alkama da wake ba haraji na kwana 150 daga tsakiyar 2024, farashin hatsi ya sauko, taki kuwa bai sauko ba. Manoma a Saminaka da Dandume da sauran wuraren masara sun noma, gona ta yi kyau, amma kuɗin buhu bai mayar da abin da aka kashe ba. Wannan asara ce ta gaske, sai dai ba irin wadda inshorar gona ta saba biya ba ce. Wakilin da ya bar ka da zaton za ta biya ya cuce ka tun kafin ka shuka.

Haka sakaci. In ba ka yi noma ba ciyawa ta ci gona, ko ka yi shuka bayan lokacin da aka ƙayyade, ko ba ka yi wa kaji rigakafi ba, ba a biya. Sata da tarzoma da abin da ya shafi rashin tsaro galibi a waje suke sai in an rubuta su ƙarara, kuma a Zamfara da Katsina da sassan Sakkwato da Kaduna wannan ba tambayar wasa ba ce. Manomin da 'yan bindiga suka hana girbi yana da haƙƙin ya san matsayinsa tun ranar farko.

Sai batun adadin da ake biya, wanda shi ya fi haddasa rigima. Yawancin inshorar da ke tafiya da rance kuɗin da aka zuba a gona take karewa, ba ribar da kake sa rai ba. Mu yi misali kawai: a ce ka kashe naira 500,000 a kadada ɗaya, kana sa ran amfanin da zai kai miliyan ɗaya da rabi. In ruwa ya cinye, lissafin diyya daga 500,000 zai fara, ba daga miliyan ɗaya da rabi ba. In asarar ta zo tun shuka na ƙarama, kafin ka zuba taki na biyu, abin da ka kashe zuwa ranar za a duba. A cire kuma wani kaso da takarda ta ce kai za ka ɗauka da kanka. Bayan haka, in bashi ne a kanka, sau da yawa mai ba da bashin ake fara biya, a rage maka bashi. Manomi na zaune yana jiran ƙarar saƙon banki a waya, bai zo ba, sai ya ce an cinye. Mai yiwuwa an biya, amma ba wanda ya zaunar da shi ya nuna masa a rubuce cewa bashinsa ya ragu da kaza. Wannan zaman aikin wakili ne, kuma na ƙwarai ba ya jira a neme shi.

Akwai kuma sabon salo da ya yaɗu tun wajen 2017, wanda ba a zuwa duba gonarka ita kaɗai. Ana ɗaukar yanki guda, a san matsakaicin amfanin da ya saba bayarwa, da kaka a zaɓi wasu gonaki a yanki ɗan fili a cikinsu a auna abin da ya fito. In matsakaicin yankin ya faɗi ƙasa da ma'aunin da aka amince, kowa a yankin ya samu diyya. In bai faɗi ba, ba wanda zai samu. Wani salon kuma ruwan sama ake aunawa ta tauraron ɗan'adam. Amfaninsa shi ne arha da sauri, ga shi babu cacar baki da mai duba gona. Illarsa kuwa ita ce, kana iya rasa gonarka ƙaf saboda tana bakin rafi, maƙwabtanka na tudu su cika rumbu, a ce yankinku bai yi asara ba. Ba zamba ba ce, haka tsarin yake. Amma in ba a faɗa maka ba tun farko, a wurinka ba ta da maraba da zamba. A ganinmu, duk wakilin da ya sayar wa mai gonar fadama irin wannan ba tare da ya ja masa kunne ba, bai cancanci a sake ba shi tabarma a taron ƙungiya ba.

Tambayar halacci ma ba ta da makawa a wurinmu, kuma ba aikin wakili ba ne ya yi fatawa ko ya yi wa mai tambaya dariya. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke a 1985 cewa inshorar kasuwanci da aka saba tana da matsala a shari'a, ta amince da ta taimakon juna. Ita ce takaful, wadda aka fara kafa kamfaninta a Sudan a 1979. Mahalarta na zuba gudummawa a asusu guda, a biya wanda asara ta samu, kamfani ya ɗauki ladan kula da asusun, in an samu rara a raba. Wanda ya san gayya da adashi ba zai ga baƙon abu a nan ba. NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, kuma akwai kamfanoni irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful da suka samu lasisi. Wakili mai gaskiya, in abin da yake sayarwa ba takaful ba ne, zai ce maka ba ita ba ce, ya bar ka ka je ka tambayi malaminka. Wanda ya sa hula ya yi ta "in sha Allahu" don ka ɗauka ita ce, da addininka yake ciniki.

Ranar da asara ta faɗo

Duk abin da aka faɗa a baya share fage ne. Kowace takarda tana da wa'adin sanar da asara, kuma kwanaki kaɗan ne, ga masu kaji ma ya fi gajarta. Manomi a ranar ba ya cikin hayyacinsa. Wanda ya ga abin da ya faru a Maiduguri da kewaye lokacin da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024, ko a Mokwa a Mayun 2025, ya san mutum ta ransa da ta iyalinsa yake yi, ba ta fom ba. Shi ya sa wakilin da ya san aikinsa shi ke fara kira. Ya ji a rediyo an yi ruwa a ƙaramar hukuma kaza, ya san yana da mutum talatin a can, ya shigar da sanarwa a madadinsu kafin wa'adi ya wuce. Zai ce kar a sake huɗa gonar, kar a sake shuka, kar a binne matattun kaji kafin likitan dabbobi ya gani ya rubuta, domin shaidar ke nan. Zai tsaya ranar da mai kiyasin asara ya zo. In kamfani ya ƙi biya, zai nemo dalilin a rubuce ya karanta maka da Hausa, ko da dalilin bai yi masa daɗi ba.

Kuma zai ƙi ka, in ka nemi ya taya ka ƙarya. Wannan ɓangaren ba mu cika son ji ba. Akwai manoman da ke karkatar da taki su sayar, sannan su nemi diyyar fari. Akwai mai nuna gonar maƙwabci da ruwa ya ci a matsayin tasa. Kowace irin wannan tana ƙara wa kowa tsada a baɗi, tana sa kamfani ya ƙi shiga yankin gaba ɗaya. Wakilin da ya yarda ya rufa maka wannan a bana, ka tabbata akwai abin da yake rufa wa wani a kanka.

Adalci ne kuma a ce wasu abubuwan sun fi ƙarfin wakili. In jiha ba ta biya kasonta na tallafi ba, ko mai ba da rance ya cire kuɗin inshora bai miƙa wa kamfani a kan lokaci ba, ko babu alƙaluman amfanin gona na shekarun baya da za a kafa ma'auni a kansu, ba shi ya jawo ba. Ƙarin jarin da sabuwar doka ta tilasta zai iya sa wasu kamfanoni su haɗe, wasu su bar fagen, kuma ba abin mamaki ba ne waɗanda suka rage su fi karkata ga manyan ciniki na birni, su bar ƙaramin manomi wanda kai masa takarda ya fi kuɗin da zai biya tsada. In haka ta faru, inshorar ƙauye za ta ƙara komawa ta hanyar ƙungiyoyi da waya da masu ba da kaya bashi, wakili guda ya riƙe ɗaruruwan mutane. Nauyin bincike sai ya dawo kan shugabannin ƙungiya.

Don haka kafin damina mai zuwa, ko kafin a shiga noman rani, shugabannin ƙungiya su kira wakilin taro tun kuɗi bai fita ba, ba a fafe gora ranar tafiya. A nemi katin shaidarsa da sunan kamfaninsa, a sa wani yaro mai waya ya duba ko kamfanin na cikin jerin masu lasisi a shafin NAICOM. A sa ya karanta jerin abin da ba a biya da babbar murya, malamin gona na zaune. A tambaye shi ko gona-gona ake dubawa ko ma'aunin yanki ne, da wanda za a fara biya in akwai bashi. A ce ya faɗi ƙauyen da kamfaninsa ya biya diyya bara, a tura mutum biyu su je su ji da kunnensu. Sakatare ya rubuta wa'adin sanar da asara da lambar da za a kira a bangon littafin ƙungiya, ya ajiye kwafin takarda da rasit a wurin da ruwa ba zai kai ba. In an bi duk wannan aka yi asara, kamfani ya yi shiru ko ya ƙi ba da dalili a rubuce, NAICOM tana da sashen karɓar ƙorafi, kuma ƙungiya na iya rubuta mata kai tsaye da lambar takardarta ba sai ta bi ta hannun wakilin ba.